Sukutar da Ake Jinginawa a Katangar Ashatu

Duk wanda ya taɓa sayen zoɓo a tagar Ashatu ya san ba ta miƙo gora sai ta leƙo ta ga fuskar mai saye. Idan baƙuwar fuska ce, sai ta tambayi daga wane gida, ɗan wane ne, wa ya kwatanta masa nan. Wasu su yi dariya su amsa, wasu su ji haushi su wuce shagon gaba su sayi lemon kwalba. Ita dai ko a jikinta.

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife ta, a nan ta yi wayo, a nan aka ɗaura mata aure. Ubanta ɗan goro ne, cikin masu ɗaure huhu ana lodawa zuwa Arewa. Kano kuwa sau ɗaya ta taɓa taka ta, wajen wani biki, ta dawo tana mitar cewa matan can sun yi ta ƙunshe dariya duk lokacin da Yarbanci ya suɓuce mata a tsakiyar magana.

Rashin yardarta da mutane yana da asali. Tana budurwa wani mutum mai fara'a ya zo ƙofar gidansu da igiyar awo. Ya gaida ubanta da Hausa mai daɗi, ya roƙi ruwa, ita ce ma ta kawo masa. Ya sha, ya sa mata albarka, ya auna bango, ya tafi. Damina ba ta fita ba aka dawo da jan fenti, aka rushe zaurensu da ɗakin kakarta, wai za a faɗaɗa hanya. Tun daga ranar ta riƙe cewa baƙon abu ba ya tsayawa a jikin bangon mutum haka kawai.

Allah kuma ya haɗa ta da Mijinyawa, mai sayar da albasa a Kasuwar Shasha, mutumin da ko ɓarawo ya yi masa sallama zai shimfiɗa masa tabarma. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, sai autansu Aminullahi, mai gyaran waya a Mokola. Shi ya kafa mata sola a kan rufi, ya sa firizarta ta daina jiran wutar gwamnati, har zoɓonta da kunun ayarta suka yi suna a layin.

Mutum ɗaya ce a duk unguwar ke buɗe wannan firiza ba da izini ba, ita ce Saudat, matar Abbas ɗan Alhaji Babandi, maƙwabcinsu. Uwar Saudat aminiyar Ashatu ce tun suna makarantar allo, kuma da ta rasu Ashatu ta ɗauki yarinyar kamar 'yar cikinta. Kusan kullum bayan azahar Saudat za ta ratso ɗan lungun da ya raba gidajen biyu, ta zauna ta taya ta tace zoɓo da wanke goruna. An daɗe da yi mata aure, Allah bai kawo haihuwa ba, kuma Ashatu ba ta taɓa ɗaga mata maganar ba, don ta san a gidan surukai ana ɗaga mata fiye da kima.

Labarin sukuta Aminullahi ne ya fara kawo shi gida. Ya ce wani kamfani ya kawo wasu ƙananan babura masu aiki da batir, ba su da wurin zama, a tsaye ake hawa. An kafa musu tasha a Mokola, dogon ƙarfe mai ramuka, kowace sukuta da raminta. Ka nuna mata wayarka ta buɗe, ka hau ka je inda za ka, ka mayar da ita wata tashar, ramin ya cafke ta.

"To wa ke gadinsu?" in ji Ashatu.

"Babu mai gadi, Umma. Ƙarfen ne ke riƙe su, shi ne kuma ke yi musu caji."

"Turke ke nan," ta ce. "Kamar na akuya. To su zauna a turkensu can Mokola."

Ba a jima ba ya dawo da sabon labari. Kamfanin ya ce tashoshin sun yi kaɗan, mutum sai ya yi tafiyar ƙasa mai nisa kafin ya kai gare su, wani lokaci kuma ya tarar ramuka duk a cike, ba inda zai mayar. Don haka an sake tsari. Yanzu duk inda ka sauka sai ka jingine ta, ka danna waya ta kulle kanta. Da yamma motar kamfani ta bi ta kwashe waɗanda batirinsu ya mutu.

Ashatu ta ajiye ludayin da ke hannunta. "In an yar da ita a ko'ina, motar ta yaya take sanin inda take?"

"Ai kowace tana faɗin inda take. Suna ganinta a taswira."

"Tana faɗi," ta maimaita a hankali. "Wa take faɗa wa? Me kuma take haɗawa da shi?"

Aminullahi ya yi dariya ya ce Umma ke nan. Ita ba ta yi dariya ba.

Wata rana da hantsi ta zagaya lungu zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta ga sukuta. Koriya shar, an jingine ta a katangarta, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin firiza, wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa a wuyanta. Ashatu ta tsaya da bokiti a hannu. Lungun nan ba ya ɓullewa ko'ina. Ƙofa biyu ce kawai a ciki, tata ta baya da ta gidan Alhaji Babandi. Ba hanyar wucewa ba ce balle a ce wani ya gaji ya yar.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kafin ta matsa kusa. Akwai wani baƙin gilashi ƙarami a tsakiyar hannuwan tuƙinta, ta tabbata a ranta kyamara ce. Ta koma ciki ta ɗauko tsohon buhun sukari ta kifa mata a ka. Da yamma mota ta zo ta ɗauke, aka bar mata buhunta a ninke a kan dakali. Wannan ninkewar ta fi komai tayar mata da hankali, don ta tuna mutumin da ya sha ruwa ya sa mata albarka.

Bayan kwana kaɗan ta sake bayyana. Sai ta ɗauke ƙafa, sai ta sake dawowa. Kullum da hantsi, lokacin da maza sun tafi kasuwa, yara suna makaranta, ita kuma tana gaban murhu.

Aminullahi ta fara tsarewa. Ya rantse bai taɓa kawo sukuta layin ba, shi da ke fita tun da safe. Ta karɓi rantsuwar da baki, amma ta kwana biyu tana duba idonsa. Ta koma kan Mijinyawa ta ce ya je wajen masu unguwa ya ji ko akwai maganar rusau. Ya ce, "Haba Hajiya, abin hawa ne fa. Wataƙila wani ne ke zuwa sayen zoɓonki."

"Mai sayen zoɓona ta gaba yake zuwa, Malam, kuma ina ganin fuskarsa."

Abin da ba ta zata ba shi ne zargin zai juyo kanta. Wata maƙwabciya mai suna Habiba ce ta zo sayen ƙanƙara, ta rage murya ta ce, "Yaya Ashatu, ni dai gara in faɗa miki. Ana cewa kin ba kamfanin nan katangarki, da solarki suke caji. Alhaji Babandi ya faɗa a majalisa, wai abin yana ɗaukar maganar mutane, kuma ke kika buɗe masa ƙofa. Ya ce duk wanda ya hau shi a gidansa sai ya bar gidan."

Ashatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ta rufe abin da buhu! Ta lura kuma matan da suka saba tsayawa hira a tagarta yanzu suna karɓar gora su wuce, wasu har suna waiwayen lungun.

Ranar ta zazzage wa Saudat cikinta. Ta lissafa mata duk wanda take zargi, da masu awon hanya, da 'yan leƙen asiri, da mai shagon gaba da ke jin haushin cinikinta, har da Habibar da ta kawo labarin. Saudat tana riƙe da rariya, idonta a kan zoɓon da ke tsiyaya. Abin da ta ce kawai, "Inna, ki bar shi mana, zai wuce."

"Ba zai wuce ba. Ni zan wuce da shi."

Da sukutar ta sake bayyana, Ashatu ta ɗaura ɗamara ta kama ta da hannu biyu. Ta yi nauyi fiye da yadda ta zata, tayoyin kuma sun ƙi juyawa. Ta ja ta a ƙasa, ta tsallakar da ita dokin ƙofa. Dabararta ita ce ta kulle ta a ɗakin ajiya, duk mai ita ya zo ya yi sallama ta ga fuskarsa.

Tana shigar da ita tsakar gida abin ya fasa kuka. Wata irin ƙara mai huda kunne, ta tsaya, ta sake. Kaji suka watse. Ta rufa mata bargo, ƙarar ta ƙi mutuwa. Kafin ta san abin yi mata sun cika ƙofa, yara sun hau katanga, sai ga Alhaji Babandi da sandarsa yana cewa, "To ga shi nan. A cikin gidanta ma yake kwana."

Ana cikin haka wata budurwa Bayarbiya ta iso a kan okada, wato babur ɗin haya, sanye da koriyar riga irin launin sukutar, waya a hannunta. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta danna wani abu, ƙarar ta ɗauke. Ta ce da Yarbanci an sanar da kamfaninsu cewa ana satar sukuta a wannan gida.

"Sata?" Ashatu ta mayar mata da Yarbancin da ya fi nata kaifi. "Ku kuka kawo kayanku jikin bangona. Me kuke aunawa? Wa ya aiko ku?"

Budurwar ta ce ba wanda ya aiko kowa, wani mai haya ne ke sauka a nan. Alhaji Babandi ya buga sanda ya ce to a faɗi sunansa kowa ya ji. Ta ce ba a ba su izinin faɗa ba. Nan hayaniya ta tashi, wasu na cewa ƙarya ne, babu wani mai haya.

Ashatu ta kama hannun yarinyar ta ja ta ɗakin firiza, ta turo ƙofa. "Ni ba taro ba ce. Bangona ne, sunana ne ya ɓaci. Ki nuna mini ko in hana ki fita da abin nan."

Yarinyar ta dubi ƙofa, ta dubi Ashatu, ta ga ba wasa. Ta juyo mata fuskar wayar. Ga wani layi shuɗi ya taso daga can gaba da Mokola, ya lanƙwaso ya ƙare a lungun. Ta ce wurin da ya faro wani ƙaramin asibitin mata ne, kuma kullum hanyar ɗaya ce. A sama akwai suna da ɗan hoto. Ashatu ba ta iya karatun boko sosai ba, amma hoton ba ya bukatar karatu. Saudat ce, da hijabinta ruwan toka.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Rufe." Ta buɗe firiza ta ba yarinyar gorar zoɓo, ta ce ta ɗauki kayanta ta tafi, kuma idan ta ji wannan suna a bakin wani, har ofishinsu za ta zo.

Da suka fito Alhaji Babandi ya ce, "To wane ne?"

Ashatu ta hango Saudat a can bayan mata, ta jingina da bango, fuskarta ta yi fari fat. Ta kau da ido ta ce, "Na ga mai ajiyewa, Alhaji. Tsakanina da shi ne, tunda katangata ce."

"Au, haka ne?"

"Haka ne."

Taron ya watse da gunaguni. Ta san sarai abin da ta saya wa kanta, yanzu kowa zai ce ai da ma da saninta. Mijinyawa ma da ya dawo ya ji labari, ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce ya bar maganar, ya bari. Amma ta ga yana satar kallonta wajen cin tuwo, shi da bai taɓa zargin kowa ba.

Saudat ba ta zo ba sai bayan kwana biyu. Ta shigo ba ta ɗauki rariya ba, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ashatu ta ci gaba da zuba zoɓo a goruna kamar ba ta ga kowa ba.

"Inna, ki yafe mini."

"Kina zaune nan," in ji Ashatu, ba ta ɗago ba. "Ina zagin mutanen da ba su ji ba su gani ba. Na sa ɗana ya rantse. Kina tace mini zoɓo."

Saudat ta fara kuka a hankali. Ta ce maganin haihuwa take nema, Abbas ya sani, shi ya buɗe mata abin a waya. Allurai ne da gwaje-gwaje, sai an yi ta komawa. Da safe tana fita a ƙafa kamar za ta cefane, ta sa takunkumi, ta samu mota a Mokola. Dawowar ce matsala, don dole ta iso kafin surukarta ta neme ta.

"Okada fa? Sun ƙare a garin?"

"Inna, wane ɗan okada ne a bakin Sabo bai san ni ba? In na hau na waje ma, a gabansu zai sauke ni. Kafin la'asar an kai wa Baba cewa an ga matar Abbas ta fito daga asibitin masu neman haihuwa. Ita wannan ba ta da baki. Ta bayan layi nake biyowa, in jingine ta, in shige."

"Ba ta da baki," in ji Ashatu. Sai yanzu ta ɗago. "Na ga hotonki a hannun yarinyar da ban san uwarta ba. Na ga hanyar da kike bi, da ƙofar da kike fitowa. Ban yi mata komai ba illa tsawa, ta nuna mini. Da surukinki ne ya ja ta ɗaki fa?"

Saudat ta share hawaye da gefen hijabinta.

"Kuma me ya hana ki gaya mini?"

"Na ji tsoro ki ce asibitin ma ba ki yarda da shi ba."

Ashatu ta san da haka ɗin za ta ce. Ta tura mata rariya da ƙafa. Suka yi aikin ranar ba hira. An ɗauki lokaci kafin ta sake sakin jiki da yarinyar kamar da, kuma ko bayan nan, idan Saudat ta ce daga kasuwa take, Ashatu kan dubi ledar hannunta.

Ƙarar da aka yi a gidan Ashatu ba ita kaɗai ba ce. An tsinci sukuta a cikin kwata, an tsinci wata a ƙofar masallaci ta tare hanyar masu alwala, wata kuma an farke cikinta an zare batir. Dattawan unguwa suka kai kuka, Alhaji Babandi a gaba. Kamfanin ya dawo da tsarin tasha a wannan ɓangaren gari, duk wanda ya ajiye a wani wuri wayarsa ba za ta sake shi ba. Aka kafa dogon ƙarfen a bakin babban titi, daidai inda 'yan okada ke jiran fasinja, 'yan canji kuma na zaune a benci suna kallon mai shiga da mai fita.

Aminullahi ya zo da murna ya ce, "Umma, an mayar da su turke, yadda kike so." Ta ce to madalla. Amma da ta kwatanta wurin a ranta, ta gane Saudat ba za ta ƙara hawa ba, kuma alluran ba su ƙare ba.

Washegari ta shiga gidan Alhaji Babandi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta gaida uwargidan, ta zauna tana matsa gwiwa. Ta ce ƙafar nan ta hana ta barci, an kwatanta mata wani asibiti, kuma ba ta iya hawa mota ita kaɗai, ko za a ba ta aron Saudat ta riƙa raka ta. Uwargidan ta dube ta sama da ƙasa, ta ce Allah ya sawwaƙe, a ɗauke ta.

Haka mutanen Sabo suka fara ganin Ashatu mai zoɓo, wadda sai a yi wata ba ta taka titi ba, tana ɗingishi a bakin hanya, Saudat na riƙe da jakarta. 'Yan okada na yi mata sannu, tana amsawa tana ƙare wa kowannensu kallo. Idan sun wuce tashar sukuta sai ta koma ɗaya gefen, ta sa Saudat a bayanta.

A asibitin ba ta zauna shiru ba. Ta tambayi ma'aikaciyar jinya sunan allurar, da ƙasar da aka yi ta, da dalilin da ya sa ruwanta ba shi da launi. Ta ce a buɗe kwalbar a gabanta. Ma'aikaciyar, wata mai haƙuri da ake kira Sista Khaulat, ta gaji ta ce, "Alhaja, tunda kullum kina nan, kawo hannunki mu auna jininki."

Ashatu ta ƙi, Saudat ta lallashe ta, ta miƙa hannu tana harare-harare. Abin awon ya matse mata damtse ya saki. Sista Khaulat ta dubi lambar, ta daina murmushi, ta ce jinin ya hau sosai, kuma ba yau ya fara ba, dole ta ga likita kafin ta bar wurin.

"Na'urar ce ta faɗa miki?"

"Ita ce, Alhaja."

Ashatu ta naɗe hannun rigarta na hagu ta ɗora a kan tebur. "To auna wannan. Kuma ki ɗauko wata na'urar, ba wannan ba."

Aka ɗauko wata, lambar ta fito kusan ɗaya. Ranar Saudat ce ta zauna a benci tana jira, riƙe da jakunkuna biyu, Ashatu kuma tana ciki tana tambayar likita a wace makaranta ya yi karatu. Ta karɓi maganin, ta kai wa Aminullahi ya karanta mata duk abin da ke jikin kwalin, sannan ta fara sha.